Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Tafiyar Wake Daga Gona Zuwa Kasuwa?

Ya kai malamin gona, idan ka zo rubuta rahoton ƙarshen damina, abin da aka saba tambayarka shi ne kadada nawa aka noma, buhu nawa aka samu. Wannan lissafi yana da amfani, amma a bakin gona yake tsayawa. Wake kuwa tafiyarsa doguwa ce: daga masussuka zuwa rumbu, zuwa kasuwar ƙauye, zuwa Dawanau a Kano, har ya kai Bodija a Ibadan ko Mile 12 a Legas. A kowane zango ana iya yin asara. Ra'ayina shi ne, ma'auni ɗaya tak ba ya isa, kuma yakan jefa mutane cikin ɓarna.

Dubi abin da ya faru da wakenmu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma masu saye sun daɗe suna duba abu guda: shin ƙwaro ya huda ƙwayar? Wake mai huji farashinsa yakan faɗi. Tunda da wannan kaɗai ake auna ɗan kasuwa, sai wasu suka koma zuba maganin ƙwari irin su DDVP kai tsaye cikin buhu. Waken ya fito sumul a ido, alhali guba na jikinsa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin ragowar maganin ta zarce iyakarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma a 2016 ta tsawaita hanin. Wanda bai fita waje ba, iyalanmu ne suka ci.

Saboda haka, kafin ka zaɓi ma'auni, yi masa tambayoyi uku. Ana iya auna shi a ƙauye ba tare da tsada ba? Wanda ake aunawa yana da ikon gyara shi? In mutum ya dage a kansa shi kaɗai, wace ɓarna za ta biyo baya? Bisa wannan, ga huɗu da nake ganin sun wadatar.

Na farko, danshi. Kada wake ya shiga ajiya da danshin da ya wuce kashi 13 cikin 100. In babu na'ura, a zuba ƙwayar da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken shanya.

Na biyu, huji tare da hanyar ajiya. Ɗebi ƙwaya 100 daga buhu, ƙirga masu huji, sannan rubuta da me aka adana shi. Waɗannan biyu tilas su tafi tare. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma tun 2007, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska, ba tare da magani ba. Buhun da ya tsira ta wannan hanya bai kamata a yi masa kuɗin goro da wanda aka zuba wa guba ba.

Na uku, nauyi a kowane zango. Mudu da tiya sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kilo kuwa ɗaya ne. Auna buhu ranar ajiya da ranar sayarwa. Ragin da aka samu shi ne asararka.

Na huɗu, rabon manomi. Daga kuɗin da mai saye na ƙarshe ya biya, nawa ya shiga aljihun wanda ya noma? In amfani ya ƙaru amma rabon nan ya ragu, gyaran yana kan hanya ne, ba a gona ba.

Wani zai ce aikin ya yi yawa ga malami ɗaya mai ƙauyuka da dama. Gaskiya ne, shi ya sa muka tsaya a huɗu, kuma ƙungiyar manoma tana iya riƙe littafin da kanta. Kai kuma manomi, tun daga kakar bana ka nemi a auna maka buhunka da sikeli, ka kuma faɗa wa mai saye yadda ka adana shi.