SAMARI, TAFIYA MA TANA DA NATA TUFAFI

Ya ku 'yan uwa samari, akwai wani abu da muke rainawa alhali yana cutar da mu, wato irin kayan da muke sawa idan doguwar tafiya ta kama. Duk wanda ya leƙa tasha a Kano ko Zariya da yamma, lokacin da manyan bas-bas ke lodin Legas, zai ga samari iri biyu. Na farko ya ci ado da sabuwar shadda da ta sha sitati har tana ƙara, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure. Na biyu kuwa ya ɗame cikin matsattsen wandon jins da 'yar rigar leda mai manne wa jiki. Dukkansu ado suka yi wa tasha, sun manta da hanya.

To, ita hanyar fa? Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 ko fiye, kuma mutum zai kwana a zaune, gwiwa a lanƙwashe. Tun a shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Dalili kuwa shi ne, motsin tsokar ƙwauri ke taimaka wa jini ya koma zuciya, idan aka daina motsi sai jinin ya taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura. Ina hikimar wanda ya san haka, ya kuma ƙara ɗaure cinya da ƙugu da wandon da ko numfashi ba ya bari a yi? A nemi wando mai walawa, a sassauta mazagi, kuma duk inda direba ya tsaya a sauko a taka ƙasa.

Sai batun yadi. Auduga tana shan gumi tana barin iska ta ratsa, shi ya sa ta fi dacewa da ƙasar da zafinta kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar Maiduguri da Sakkwato. Yadin leda kuwa riƙe gumi yake yi, kafin a kai Lokoja makwabcinka a kujera ya fara kau da kai. Abin da ya fi wannan muni, Allah Ya kiyaye, idan wuta ta tashi a mota leda narkewa take yi ta manne a fata. Babbar riga ma tana da nata haɗarin, domin kuwa bakinta na iya shiga tayar acaɓa ya fizgo mai ita. A ninke ta a jaka, a sa ta bayan an isa.

Kada kuma zafin rana ya yaudare ku. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Jos da asuba a lokacin hunturu, ko ya zauna ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ya san darajar rigar sanyi da safa. Hirami ma kada a bar shi a gida: shi ne maganin ƙura, shi ne mayafi, shi ne matashin kai, shi ne abin shimfiɗa idan lokacin salla ya riske ku a gefen titi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba don ado kawai suke naɗa rawani ba.

Wani zai ce, to sai mu fita kamar mabarata? A'a, ɗan uwa. Matafiyi baƙo ne duk inda ya sauka, kuma a shingen bincike da garin da ba a san asalinka ba, shigarka ce ke fara yin magana. Kaftani ko jamfa ta auduga, wankakkiya gogaggiya, mai launin da ke ɓoye ƙura irin su ruwan toka ko ruwan ƙasa, mai hannun da ke naɗuwa don alwala, da hula mai ninkuwa, da takalmi sau-ciki wanda ƙafa ta saba da shi, wallahi wannan shiga ta fi ta mai shaddar da ta yamutse tun kafin Kaduna kwarjini. A kuma roƙi tela ya sa aljihun ciki, domin 'yan sane na tasha aljihun gefe suke hari.

Mutunci da jin daɗin jiki ba abokan gaba ba ne. Kafin ka ɗauki jaka, tambayi kanka: zan iya kwana a zaune cikin wannan kaya, in yi salla cikinsu, in kuma sauka in gaida manya ba tare da kunya ba? In amsar a'a ce, koma ɗaki ka sake.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalam.