ALLON MALAM: Ƙurar Hunturu da Tarihin Dajinmu

 

Kwanakin baya na shiga aji da safe domin darasin labarin ƙasa, na tarar ƙura ta rufe tebura, har yara suna rubuta sunayensu a kai da yatsa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai ita wannan ƙura daga ina take zuwa, kuma me ya sa ba ta ƙarewa?" Na ce mata daga Hamada. Ta ce, "To Malam, ita Hamadar a ina ta samo ta?" Aji ya fashe da dariya, amma ni ban yi ba, domin tambayar ta fi amsar da na bayar nauyi. Cikakkiyar amsar ce nake so mu tattauna a kai yau, saboda ta shafi gonakinmu da itacen girkinmu a nan Garwa.

Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mu daga watan Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne daga wani kwari a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele. Ƙasar wurin fara ce sol kamar alli. Da masana suka duba ta da madubin ƙara girma, sai suka ga ashe ɓawon wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne, waɗanda ido ba ya iya gani, da suka rayu suka mutu suka kwanta a ƙarƙashin wani tafki shekaru aru-aru. Iskar da ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ke kwasar wannan gari ta watso mana, wani ma ya tsallake teku har dajin Amazon a Kudancin Amurka, kuma duk inda ya sauka yana ƙara wa ƙasa ɗan taki. Wato dai ƙurar da muke sharewa a tsakar gida ragowar wani babban ruwa ce da ya ƙafe.

Wannan ruwa kuwa shi ne kakan Tafkin Chadi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Kamaru baki ɗaya. Gaɓarsa tana nan a ƙasarmu, kowa na iya zuwa ya taka. Akwai wani dogon tudun yashi da ya miƙe daga Yagwa zuwa Limani, ya shiga Nijeriya ya bi ta Bama har Maiduguri, kuma igiyar ruwan wancan tafki ce ta tara shi. Baƙar lakar da ke shimfiɗe daga wannan tudu zuwa Kusiri, irin wadda Fulani ke kira karal, inda ake dashen masakwa bayan ɗaukewar ruwa, ita ma ruwa ne ya kwantar da ita. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna na Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. A wancan zamani akwai dorina da kada da raƙumin dawa a tsakiyar Hamada, ga zanensu nan mutanen da suka bari a jikin duwatsun Tasili a Aljeriya.

Kafin wannan zamani na ni'ima kuma an yi na ƙunci. Wajen shekara 20,000 da suka wuce tafkin ya ƙafe, yashi ya yi ta tafiya kudu har ya tara tuddai a Kalfu, tsakanin Kaele da Yagwa. Haka ya yi a ƙasar kakanninmu, domin jigayin da ake noman gero da gyaɗa a kansu tsakanin Katsina da Kano da Haɗeja tsofaffin tuddan Hamada ne, da ruwa ya dawo ciyawa ta fito, saiwa ta ɗaure su wuri guda. Daga irin wannan ƙasa Jihar Jigawa ta samo sunanta.

Mai karatu zai ce, to me ke kawo wannan juyi? Komai da ikon Allah yake, amma Ya sanya wa kowane abu sababi. Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san yadda take layi tana cikin juyawa. To ita ma duniya tana irin wannan layi, sai dai kewaye ɗaya yana cin fiye da shekara 20,000. A wani ɓangare na kewayen rana takan fi dukan arewacin Afirka a watannin damina, ƙasa ta ɗau zafi, ta jawo iska mai laima daga teku zuwa can cikin Hamada. Da zarar tsiro ya fito kuma sai ya taimaki kansa, domin ganye yana fitar da laima zuwa sama, laimar ta koma hadari. Da layin ya juya wajen shekara 5,000 da suka wuce, ruwa ya ja baya, tsiro ya bi shi, rashin tsiron kuma ya ƙara rage ruwan.

Har yau ruwan sama ne ke raba wa itatuwa mazauni. Wanda ya hau mota daga Ngaundere zuwa Kusiri zai gani da idonsa. Ngaundere tana samun wajen milimita 1,500 a shekara, Garwa wajen 1,000, Marwa wajen 800, Kusiri kuwa da ƙyar take kai 600. Shi ya sa a gandun dajin Binuwai za ka ratsa ta cikin doka da maje da dogayen gamba, amma kana isa Waza sai ƙaya da aduwa da magarya.

Sai dai fa ruwa ba shi kaɗai ke aikin ba. Ɗauki gara, wadda muke tsine wa idan ta ci mana azara ko littafi. Gara tana haƙo laka daga can ƙasa ta gina suri, tana jan kara da ganye zuwa cikin ramukanta, ramukan kuma su ne hanyar da ruwan sama ke bi ya shiga ƙasa maimakon ya gudu. Idan surin ya tsufa ya rushe sai ya bar wuri mai taki, shi ya sa sau da yawa za ka ga tsamiya ta fito a gindin suri. Manoman ƙasar Tawa a Nijar sun gane wannan, sukan haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa a fako, su zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasar, gero ya fito a inda da ko ciyawa ba ta fita.

Ɗauki gawo kuma, itacen da ke saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yakan zubar da ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da ake bukata. Da rani ya yi kore shar, domin saiwarsa tana nutsewa har inda ruwa yake. Dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su yi kashi a gindinsa. Irin gawo yana da tauri, ya fi saurin tsira idan ya ratsa cikin saniya ko akuya, don haka inda garke ke kwana a gona nan gawo ke yawaita. Haka giwa take yi wa aduwa da giginya, ta haɗiye 'ya'yan a nan ta kasayar da ƙwallon a wani wuri mai nisa, sannan ta karya ƙananan itatuwa ta buɗe wa ciyawa fili. Wutar daji ma tana tankaɗe, domin itace mai kaurin ɓawo irin kaɗanya da taura shi ke jure mata shekara da shekaru, mai laushi kuwa sai dai ya fake a bakin mayo.

Ɗan Adam shi ma yana cikin waɗannan ma'aikata. Kuka da ɗorawa da kaɗanya da muke gani jefi-jefi a gonaki, zaɓin kakanni ne, su suka sare wasu suka bar masu amfani. Mutanen duwatsun Mandara sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsaunuka suka tare ƙasa, suna noma a kai ɗaruruwan shekaru ba ta zube ba. Darbejiyar da ke yi mana inuwa a titunan Garwa da Marwa baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta, aka ƙara yaɗa ta da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a shekarun 1970, yanzu jemagu da tsuntsaye ke shuka ta da kansu.

Abin da ya kamata mu yi wa karatun ta-natsu shi ne bambancin sauri. Abin da aka gina a shekara dubbai yana iya rushewa a rayuwar mutum ɗaya. A 1963 Tafkin Chadi yana da faɗin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 buɗaɗɗen ruwansa bai kai 2,000 ba, har masunta da manoma, cikinsu da Hausawa da yawa, suka kafa garuruwa irin su Darak a inda da jirgi ke wucewa. Daga baya ya ɗan farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa, ambaliyar Logon ta daina isa wani babban yanki na fadamun Waza, burgu da sauran ciyayi masu daɗewa suka mutu, kifi da maraya suka ragu, makiyaya suka rasa mashaya. A nan gida kuma, tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 aka samu lantarki da kamun kifi, amma ambaliyar da ke jiƙa fadamun masakwa a bakin Binuwai ta sauya. Baƙin karkandan yammacin Afirka, wanda dajinmu na arewa ne mafakarsa ta ƙarshe a duniya, an neme shi a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ya ƙare.

Mafi kusa da mu shi ne abin da Fulani ke kira harde, mu kuma muke cewa fako. Idan aka share gona ƙarƙaf, aka tumɓuke kututture domin garma, aka kwashe kara, aka ƙone sauran, gara ta rasa abinci ta yi ƙaura. Ruwan farko ya doki ƙasa tsirara, fuskarta ta daskare kamar daɓe, ruwan ya gudu ya yanka kwazazzabo. Tsakanin Marwa da Kaele akwai irin waɗannan filaye birjik. Ni kaina gonar da na gada a bayan gari, wadda mahaifina ke cika rumbu da ita, gefe guda nata ya fara wannan sheƙi, kuma ba na ɗora wa kowa laifi, domin ni na sa aka sare gawo biyu da ke wurin shekarar da na yi rufin ɗaki. Masana ƙasa sun ce kaurin yatsa ɗaya na ƙasar noma yana cin fiye da shekara ɗari kafin ya samu. Ni kuwa da gatari na yini ɗaya na buɗe wa ruwa ƙofa.

Duk da haka kada mu yanke ƙauna, domin ƙasa tana amsawa idan aka ba ta dama. A 1994 da aka buɗe wata mashiga aka sake sakin ruwan Logon zuwa fadamun Waza, cikin 'yan shekaru ciyayi masu daɗewa suka fara dawowa, kifi da shanu suka biyo. A ƙasar Maraɗi kuwa, tun daga 1983 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran. Ba dashe, ba ban ruwa, ba kuɗi. Dabarar ta bazu har Damagaram, inda tun a ƙarni na 19 sarakuna suka kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, kuma an ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ruwan Maraɗi bai kai na Garwa ba. Abin da ya yiwu a can zai fi yiwuwa a nan.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa, tun kafin sharar gona ta bana. Mai gona a Pitowa ko Ngong ko Gashiga, idan ka ga ɗan gawo ko toho a kututture, ka kafa masa sanda ka gaya wa mai garma ya kauce masa. Ka bar wani abu na kara a gona, ka yi shiri da makiyayi ya kwana da garkensa a ciki da rani. Mu kuma na cikin gari, mahauta da masu tsire da kilishi da masu gidan burodi da iyayenmu mata masu tuwon sayarwa, mu ne kasuwar itace da gawayi, don haka mu rungumi murhu mai tsimin itace, mu daina sayen ɗanyen gawo da kaɗanya. Layin duniya ba a hannunmu yake ba, amma gatari da ashana a hannunmu suke, kuma da ma Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ita kuwa ɗalibata na ba ta amsarta, na kuma ba kowane ɗan aji aikin gida, ya tambayi kakansa sunayen itatuwan da ke unguwarsu yana yaro, ya ƙirga nawa suka rage. Mai karatu ma yana iya gwadawa a gidansa, ya aiko mana da abin da ya samu ta hannun edita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.