Daga Ajinmu: Jirgin Kara da Tsohon Rediyo

A wannan karo ba zancen jarrabawa za mu yi ba, ko na kuɗin makaranta. Zancen wani jirgin sama ne wanda nauyinsa bai kai na kaza ba, amma ya kusa haɗa mu faɗa da maƙwabta.

Duk wanda ya girma a ƙasar Kano ya san motar kara. Da an gama girbi sai yara su bi gonaki su tsinci karan dawa, su fere ɓawon, su yayyanka farin cikin, su soke wannan da wancan, kafin la'asar ga mota da ƙafa huɗu. Mu ma mun yi, mun kuwa sha bulala a kai. A nan Bacirawa, da yake jiragen da ke zuwa Kano suna ratsawa ta samanmu, yara sun ƙara da jirgin kara. Sai dai jirgin kara ba ya tashi. A hannu ake riƙe shi ana gudu, baki yana kukan inji.

Akwai wani yaro a ajinmu wanda wannan bai ishe shi ba. Lissafinsa da rauni, amma bayan littafinsa cike yake da zanen fukafukai. Wata rana ubansa, wani dattijo manomi, ya same mu bayan an tashi, ya ce, "Malam, ka yi mini maganin yaron nan. Jirginsa uku na karya, ya ƙera na huɗu. Jiya tocilata ya kwance." Muka ce, "Baba, ya mai da ita?" Ya ce, "Ya mayar, har ta fi dā haske." Muka ce to ya ba mu shi zuwa ƙarshen rani, in lissafin bai gyaru ba mu da kanmu za mu karya na biyar.

Abin da ya sa muka yi ƙarfin halin wannan alkawari, wani kwali ne da ya daɗe a ƙarƙashin gadonmu. Wani tsohon mai gyaran rediyo a Sabon Gari, abokin mahaifinmu, shi ya ba mu sa'ad da ido ya hana shi aiki. Shi kuma wani Bature ne ya bar masa da zai koma gida. A ciki akwai akwati biyu na hannu, ƙirar Japan, kowane da sanduna biyu da doguwar eriya mai zugewa. Waɗannan su ne masu aika umarni. Akwai kuma ƙaramin rediyo mai karɓa, girman akwatin ashana, da 'yan injuna biyu masu jan waya. Mai karɓa da injunan a cikin jirgi suke zama. In ka tura sanda hagu, saƙo ya bi iska, mai karɓa ya ji, ɗan injin ya ja waya, wutsiyar jirgi ta karkata, jirgi ya juya. Sanda ta biyu ita ke ɗaga hancinsa ko ta sunkuyar da shi. Iyakar dabarar ke nan.

Wannan wasa ya girme mu duka. Waɗansu tagwaye 'yan garin Kalamazoo na Amurka, Walter Good da William Good, suna cikin waɗanda suka buɗe hanyar tun wajen 1937. Walter maƙerin ƙananan jirage ne, William kuwa rediyo ya sa a gaba, sai suka haɗa hannu. Jirginsu mai suna Guff, wanda faɗin fukafukansa ƙafa 8 ne, ya ci gasar ƙasar Amurka a 1939 da 1940, ya sāke ci a 1947, daga baya aka ajiye shi a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian. A shekarun 1950 yawancin masu wannan wasa maɓalli ɗaya tak suke da shi. A cikin jirgin akwai murɗaɗɗiyar roba, ita ke juya wutsiya. A waɗansu na'urorin, danna sau ɗaya jirgi ya yi dama, danna sau biyu ya yi hagu. In robar ta gama warwarewa, to, sai kallo. Saboda haka namu mai sanduna biyu ɗan gata ne.

Amma akwai wata doka da irin waɗannan tsofaffin na'urori suke tafe da ita, a kanta kuwa muke so mu tsaya. A gefen kowane akwati akwai wani ɗan abu mai ƙafa biyu da ake cirewa a mayar, ana ce da shi kiristal. Shi yake tsai da zangon da akwatin zai yi magana a kai, kamar yadda kowace tasha take da nata wuri a rediyon gida. Namu na megahaz 27 ne. A wannan zango akwai hanyoyi shida da aka fi sani, aka ba kowace launi: ruwan ƙasa, ja, ruwan lemo, rawaya, kore da shuɗi. Mai karɓa bai san ubangidansa ba, zango kaɗai ya sani. In mutum biyu suka kunna akwati a launi ɗaya a lokaci ɗaya, jirgi ya zama bara mai iyayengiji biyu, wannan na cewa zo, wancan na cewa tafi, ƙarshensa ƙasa. Domin haka a filayen wasan Ingila da Amurka akan kafa allo, a maƙala masa 'yan itatuwan nan na matse tufafi a igiyar shanya, kowane zango da nasa guda ɗaya. Wanda ba ya riƙe da icen zangonsa ba ya kunna akwati, ko da shi ne shugaban ƙungiya. Daga wajen 2005 ne aka fara sayar da sababbin na'urori na gigahaz 2.4, waɗanda kowane akwati yakan ƙulla da nasa mai karɓa su biyu kaɗai, sai allon itatuwa ya fara ɓacewa.

Mun san wannan duka. Muka ce a ranmu, jirgi ɗaya gare mu, ina ruwanmu da icen shanya?

Wata biyu muka yi muna aiki da yara takwas, ranar Asabar da safe. Tsofaffin batura sun mutu, waɗansu wayoyin sun yi baƙi sun ruɓe, muka sāke su, yaron nan ya koyi liƙi da dalma. Da yake duk abin da ke cikin akwatin manya-manya ne, ido yana gani, yatsa yana taɓawa, ba kamar wayar hannu ba wadda in ka buɗe ba ka ga kome sai baƙin allo. Inji kuwa ba mu da kuɗinsa, sai muka ƙera jirgi marar inji. Fiffike daga farin soson da ake tallafe talabijin da shi a kwali, tsawonsa mita ɗaya da rabi, da siririn katako a ciki don ƙarfi. Wutsiya kara da takarda. Harba shi ake yi kamar danƙo: robar tsohon tiyub a ɗaure a turke, a ƙara mata doguwar igiyar kamun kifi, a ja baya a saki. In ya hau, igiyar ta zame da kanta. Daga nan sai ya nemi abin da shirwa take nema da hantsi, watau iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa, wadda take ɗaukarta tana kewaya ba ta kaɗa fiffike.

A nan lissafi ya shigo ba da gayyata ba. Jirgi ba ya tashi daidai sai nauyinsa ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga gaba. Faɗin namu santimita 21 ne. Muka ce wa yaron ya nemo wurin. Yaron da ya yi shekara yana gudun kasafi, kafin mu juya ya sa alama a kan 7.

Wurin tashi ya fi ƙira wuya. Wanda bai san ƙasarmu ba yana tsammani ƙauye fili ne. Ina! Kowane taku na wani ne, gona tana jingine da gona, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga gidaje a tsakani, birni kuma yana ta cin abin da ya rage. Da damina ba zance. Sai da aka kwashe amfani, muka je muka gai da mai unguwa, muka roƙi masu gona uku da ke jere. Suka yarda, ɗaya yana dariya yana cewa in ya tashi a kai shi Legas.

Ya kuwa tashi. Tashi na fari da na biyu mu muka riƙe akwati. Na uku muka ba yaron, muna tsaye a bayansa. Jirgi ya hau ya wuce tsayin ɗorawa, ya yi kewaye ɗaya lafiya lau, yara suna ihu. Sai muka ga wutsiya tana rawa. Yaron ya ce, "Malam, ba ya ji!" Muka karɓa, mu ma bai ji mu ba. Ya karkata, ya sunkuya, ya nufi wani gida a bakin gona, ya faɗa masussuka inda wata tsohuwa take sheƙar gero. Ya fasa mata ƙwarya, hatsi ya watse. Jikanta yana zaune a ƙasa, tsakaninsa da inda hancin jirgin ya caki ƙasa bai fi taku biyu ba. A hancin kuwa akwai batura huɗu da dunƙulen dalma.

Da muka waiwaya, ga wani ƙaramin yaro a gindin bishiya, ya ciro akwati na biyu daga kwali, ya zuge eriya, yana murza sanduna yana kukan inji da baki. Duka akwatunan biyu jan kiristal ne a jikinsu. Laifin ba na yaron ba ne, ba kuwa na na'urar ba. Mu ne muka zo da akwati biyu fili, da batir a cikin kowane, ba mu gaya wa kowa dokar ba.

Muka je muka durƙusa. Tsohuwar ta ce, "Malam, kai da muke kawo maka yara ka koya musu hankali?" Ba mu da amsa. Muka biya ƙwarya, yara suka tsince geron tsaf, washegari muka koma tare da mai unguwa muka sāke ba da haƙuri. Sati uku ba mu taɓa kwalin ba, mun kuwa yi tunanin mai da shi ƙarƙashin gado.

Abin da ya hana mu shi ne tuna cewa wannan ƙaiƙayi ba baƙo ba ne a Kano. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925, da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, Arthur Coningham yana jagora, suka sauka Kano, yaran ƙasar nan suke ɗaga kai sama. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. A 2007 jaridun duniya suka ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa kamar mita biyu. A ganinmu karya jirgin kara ba ya kashe wannan sha'awa, ɓoye ta kawai yake sa yaro ya yi, abin da aka yi a ɓoye kuwa ba mai kafa masa doka.

Sai muka koma, amma da sharuɗɗa. Ice ɗaya na shanya, mun shafa masa jan fenti, wanda ba ya riƙe da shi ba ya taɓa akwati. Kiristal na akwati na biyu yana aljihunmu. Kafin kowane tashi a kunna na hannu tukuna, sa'an nan na jirgi, a tafi taku talatin da eriya a ninke a ga ko wutsiya tana amsawa. Ba a tashi ta kan gida ko rijiya ko dabbobi, ba a tashi ranar hazo. Malaman da za su so gwada wannan su kuma lura: a watan Mayu 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa kada kowa ya tashi jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara a kan tsaro. Kada wani ya ɗauka ƙanƙantar jirginsa ta fisshe shi. A je a tambayi hukuma tukuna, a kuma yi nesa da filin jirgin sama.

Da rani ya ƙare uban yaron ya zo karɓar alkawari. Muka nuna masa takardar lissafi, ba ta kai ta na ɗaya ba, amma ta bar inda take. Ya duba, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, wa yake riƙe jan icen nan in kana fama da igiya?" Muka ce kowa ya samu. Ya ce a'a, ba a ba yara irin wannan amana, shi zai riƙa zuwa. Tun daga ranar shi ne mai ice, ba ya kuwa miƙa wa ɗansa sai layi ya zo kansa.

Yanzu shuka ta rufe gonaki, jirgi yana rataye a ajinmu sai bayan kaka. Yaran sun fara yankan fiffike na biyu, amma ba za su tashi tare ba sai mun sami wani mai karɓa da kiristal biyu na wani launi, ɗaya na hannu ɗaya na jirgi. In akwai mai karatu da yake da irinsu a cikin tsofaffin kaya, na megahaz 27, kowane launi ban da ja, ya rubuto mana ta hannun edita.