Kowa Na Son Zama CEO, To Wa Zai Fita Ya Sayar Da Kayan?

Leƙa shafukan abokanka 'yan Mafara a Facebook ko TikTok, ka ƙirga nawa ne suka rubuta "CEO" a ƙasan sunansu. Sannan ka nemi wanda ya rubuta cewa aikinsa tallata kayan kamfani ne. Da wuya ka samu ko ɗaya. A wurinmu kalmar talla tana tuna mana yarinya da faranti a ka, ba mai difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ba. Ni kuwa a ganina, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, babu aikin da sabbin kamfanonin fasaha suke buƙata kamar wannan da muke rainawa.

Mu fara da Bakolori. An kammala madatsar ruwan a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, aka tsara ta don ban-ruwan kimanin hekta 23,000, kuma ƙananan hukumomin nan uku ne filayen suka ratsa. Shinkafa, dankali, tumatir, albasa, duk ana nomawa. Amma manomi yakan girbe shinkafarsa da bashin taki a wuya, ya kai kasuwar Talata, ya saki a farashin da dillali ya yanka. Mai tumatir ma ba ya da bakin ciniki, kwana biyu kayansa sun fara ruɓewa.

Za ka ce ai sai a ƙirƙiri manhajar da za ta haɗa manomi da kamfanin casar shinkafa a Kano. Ƙirƙirar ba ita ce wahala ba. Wa zai zauna da dattijo a bakin gona ya shawo kansa ya ba da buhu ashirin ga mutumin da bai taɓa gani ba? Kar ka manta, a 1980 manoman Bakolori sun tashi neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da dama suka salwanta. Mutanen da iyayensu suka ga wannan ba za su yi saurin amincewa da baƙon da ya zo da takarda da alkawari ba. Ɗan gari suke saurare, wanda suka san gidansu.

Kamfanonin da suka yi nisa sun gane haka tuntuni. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wa ya kai na'urar POS teburin mai shayi da shagon mai taki? Wakilan Moniepoint da OPay ne suka bi shago-shago. A Oktoban 2024 darajar Moniepoint ta haura dala biliyan 1. ThriveAgric da Babban Gona, masu hulɗa da ƙananan manoman Arewa, su ma da ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka suke aiki.

Sai dai fa, ɗan'uwa, kada jin daɗin an kira ka wakili ya hana ka lissafi. Galibin irin wannan aiki kamasho ne, ba albashi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, zirga-zirga a babur tsakanin Mafara da Bakura na iya cinye kamashon tun kafin ya shigo. Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta sa ba kowane ƙauyen Maradun ake shiga yadda aka ga dama ba. Tambaye su a rubuce: wa zai biya kuɗin mai, yaushe ake biyan kamasho, kuma idan kuɗin kwastoma ya maƙale wa zai amsa? A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara har tsawon makonni. Idan hakan ta sake faruwa, da me za ka ci gaba da aiki?

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne sunanka. Kamfani na haya ne da amanar da gidanku ya tara shekara da shekaru. Da CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, masu ita ba a san inda suke ba, amma wanda ya jawo ƙanwarsa da abokinsa kullum ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin biki. Ke ma 'yar'uwa mai tallata kaya a WhatsApp, wannan ya shafe ki.

Batun haɗuwar matasa kuma, Kano na da Startup Kano, Kaduna na da CoLab, akwai dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a 2022, ga shirin 3MTT na koyar da fasaha. Mafara na da kwaleji da jami'ar jiha, don haka masu ilimin ba su yi ƙaranci ba. Abin da ke damuna da tarukanmu shi ne, a sha lemo, a ɗauki hoto, a raba satifiket, babu wanda ya tambayi mai jawabi ko mutum nawa suka biya shi kuɗi a makon nan. Taro na gaba, me zai hana a sa shi ranar Talata da safe, a cikin kasuwa, kusa da 'yan shinkafa, mai manhaja ya gwada sayar da ita ga dillalai uku a gaban kowa?