Yawan kamu ba shi ne yawan laifi ba

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake kawo labarin ƙwacen waya da faɗan daba a Kano. Duk sanda 'yan sanda suka yi holen matasa a hedikwatarsu ta Bompai, da wuƙaƙe da adduna baje a gabansu, washegari sai adadin ya hau shafin farko. Magoya bayan gwamnati su ce ga shaida ana aiki, 'yan adawa su ce ga shaida gari ya lalace. Alhali adadin kamu samamen makon kawai yake nunawa. Bai faɗa mana mutum nawa aka tare a Ɗorayi ko Kurna ba, domin da yawa cikin waɗanda aka ƙwace wa waya ba sa zuwa caji ofis. Mutum ya ce Allah ya isa, ya je a dawo masa da layinsa, shi ke nan.

Wannan giɓin ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta so cikewa da ta tambayi magidanta kai tsaye. Rahotonta na Disamba 2024 ya ƙiyasta laifuka kusan miliyan 52 tsakanin Mayu 2023 da Afrilu 2024, Arewa maso Yamma ce kan gaba, da kuɗin fansa sama da naira tiriliyan 2. Ƙiyasi ne daga gidajen da aka zaɓa, amma aka riƙa yaɗa shi kamar an ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama gardama, hukumar ta sanar an yi wa shafinta na intanet kutse, maganar ta bi ruwa.

Wajen ɗora laifi ma ana yi mana rufa-rufa. Tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya ya yarda da ita, kwamishina kuwa Sufeto Janar yake bi a Abuja. Fitilun titi da makarantu da sana'ar matasa suna wuyan jiha. Su kuma waɗanda ke ba yaran nan kuɗi da ƙwaya lokacin kamfe, babu jam'iyyar da za ta rantse hannunta tsaf yake.

Idan an sake holen, don Allah wakilinku ya tambaya: cikin waɗanda aka yi holensu bara, nawa suka je kotu, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka sake aka kuma kamowa?



Mai karanta ku,
daga birnin Kano