Filfilo Mai Kiɗa: Wasa Ne Ko Karatu?

Ya 'yan'uwana masu koyon malanta, ga wata magana na kawo muku wadda watakila za ku ce ta yara ce. To, ta yaran ce, amma ai mu ma saboda su aka tara mu nan.

Da hunturun da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Na tarar in lokacin aikin hannu ya yi, sai a miƙa wa yara tsintsiya su share fili, shi ke nan an yi darasi. Na ce a'a, mu ɗaura filfilo, amma ba irin na takarda da yaro ke gudu da shi ba, wanda zai kaɗa ganga da kansa in iska ta busa. Wani dattijon malami ya ja ni waje ɗaya, ya ce, "Malam, iyayen yaran nan ba kiɗa suka aiko su koyo ba." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini haƙurin mako guda."

Ga yadda muka yi. Muka yanka fukafukai huɗu daga gwangwani, muka kafe su jikin ɗan guntun katako, muka soka wayar ƙafar keke ta tsakiya. Muka lanƙwasa wayar a wuri guda ta yi gwiwa, muka ɗaura wata 'yar waya daga gwiwar zuwa makaɗi. In fukafukai sun juya sai gwiwa ta hau ta sauka, makaɗi ya bugi gwangwanin madara da muka rufe da fatar akuya. A baya muka sa wutsiya ta kwali don ta riƙa juya abin ya fuskanci iska. Wasu suka so a sassaƙa ɗan mutum mai kiɗa, na hana, don na san akwai gidajen da ba za a yarda mutum-mutumi ya shiga ba, ganga kuwa ba ta rasa kome don babu shi.

Muka kafa shi kan sanda, iska na ta busawa, filfilo ya ƙi motsi. Yara suka fashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Sai wani ɗan yaro, wanda ba ya iya haɗa baƙi a aji, ya ce, "Malam, ai fukafukan a miƙe su ke, iska ba ta da wurin zamewa." Ya karkata kowanne kaɗan zuwa gefe guda, ya ɗiga man gyaɗa inda waya ke gogar katako. Nan da nan sai muka ji kwas, kwas, kwas!

To, jama'a, ku duba abin da aka koya a wannan mako. An koyi yadda juyi ke komawa hawa da sauka, watau dabarar da ke cikin keken ɗinki, wadda kuma in an juya ta baya ita ke tafiyar da injin mota. An koyi abin da guga ke ci na ƙarfi, da amfanin mai. Da muka ƙara gwiwa ta biyu daura da ta fari, bugu ya zama biyu a juyi guda, yara suka yi ta ƙidaya bugu a minti suna rabawa biyu, ba wanda ya ce musu lissafi su ke yi. Gangar ita ce ma'auni, don da kunne su ke jin iska ta ƙaru. Masana sun ce in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninki takwas ya ke yi. Na faɗi wannan a aji ba wanda ya kula, sai ran da guguwa ta fizge mana fiffike guda.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aka raina wannan darasi. Kakuri fa! Nan aka buɗe babbar masaƙa ta farko ta Kaduna cikin 1957, nan aka fara haɗa motocin Peugeot cikin 1975. Kakannin yaran nan da injin suka ci abinci. Masaƙar nan ta rufe tun 2002, jikoki kuwa sun taso ba su san abin da ke juya kome ba, sai abin wasa na roba da a ke sayo musu a kasuwa, in ya karye a yar. A Lambar Rimi ta ƙasar Katsina an kafa injinan iska 37 don ba da wutar lantarki. Wa zai riƙa gyaransu in malamai na ganin riƙon waya da almakashi ƙasƙanci ne? A ƙasar Malawi wani yaro, William Kamkwamba, yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska da tarkacen keke ya kunna fitila a gidansu, shi da rashin kuɗi ya fitar daga makaranta.

Ban ce dattijon nan ba shi da gaskiya sam ba. Ƙarar gangar ta dami ajin da ke kusa, har sai da muka mai da sandar bakin shinge, kuma gwangwani na yanka hannu in ba a naɗe bakinsa ba. Waɗannan na gyaruwa.

Roƙona ga shugabanninmu shi ne kowane ɗayanmu ya ɗaura irin wannan da hannunsa kafin a sallame shi. Saura abu guda da ya gagare ni. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya sāke murya, tamu gangar kuwa murya ɗaya gare ta. Wanda ya san dabarar da iska za ta matse tsarkiya ta saki, ya same ni ɗakin aikin hannu ran Asabar, akwai sauran waya da gwangwani.