Wasiƙa Zuwa Ga Masu Rubuta Manhaja Da Harshen C

'Yan'uwa abokan sana'a,

Maganar memori ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da Dennis Ritchie ya samar da C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, harshen ya ɗora wa mai rubutu nauyin karɓar memori da mayar da ita. Abin da malloc ta ba ku aro ne, aro kuwa sai an san mai mayarwa.

Don haka kada ku karɓi memori sai kun tsayar da sashen manhaja ɗaya tak da zai kira free a kanta, ku rubuta hakan inda mai gyara a bayanku zai gani. In ba a tsayar ba, kowane sashe ya dogara da wani, memori ta yi ta zurarewa har sabar ta durƙushe bayan makonni. Ko sassa biyu su mayar da abu ɗaya. Mafi muni shi ne a mayar alhali wani sashe yana riƙe da manuninta, domin wataƙila an riga an ba wani wurin, kuma ta nan masu kutse ke shigowa.

Ku duba ko malloc ta dawo da NULL. Kada ku ɗora sakamakon realloc kai tsaye a kan tsohon manuni, don idan ta gaza, tsohon wurin yana nan, ku kuwa kun ɓatar da adireshinsa. Wajen tanadin jeri ku fifita calloc, wadda ke ƙin bayarwa idan ninkin girman ya zarce iyaka.

Kada ku amince da adadin tsawon bayanai da ya zo daga waje. Wannan sakacin ne ya haifi Heartbleed da aka gano a OpenSSL a 2014, inda buƙata ɗaya ke iya kwaso kilobayit 64 daga memorin sabar, har da kalmomin sirri. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da take gyarawa daga matsalar memori yake.

Ido kaɗai ba ya kama waɗannan. Ku gwada aikinku da Valgrind ko AddressSanitizer kafin ku miƙa shi, domin masu amfani da shi ba za su taɓa karanta kod ɗinku ba, amma sirrinsu da dukiyarsu suna ratsawa ta cikinsa.

Allah ya yi mana jagora.

Naku,
Abokin sana'arku